Jarrabawar da Baba To Ya Ci

"Baba, da ka ji ƙara, ko da ƙarama ce kamar kukan sauro, sai ka danna wannan," in ji ɗalibar da ke koyon aiki a asibitin, ta damƙa masa madanni a hannu.

"To," in ji shi.

Ta gyara masa abin sauraron da ya rufe kunnuwansa biyu, ta zagaya bayan teburi ta zauna, suna fuskantar juna. Ni da matarsa, Inna, muna kan benci a jikin bango. Ɗakin gwajin ji na ainihi, mai ƙofa mai kauri wadda ba ta barin hayaniya ta shiga, an mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Don haka a wani ofis aka zaunar da mu, fanka na ta ƙugi a saman kanmu.

Ɗalibar ta taɓa na'urarta, Baba ya danna. Ta murɗa wani abu ta rage ƙarar, ta sake taɓawa, ya danna. Ta ƙara ragewa. Ya danna, har da gyara zama, kamar yaron da aka yi wa tambayar da ya sha bitarta. Ni kuwa duk dannawa sai in kalli bakin Inna, in ga yana ƙara tsukewa.

Bango ɗaya ne ya raba gidanmu da nasu tun ina rarrafe. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a maɗaba'a, a gindin injin buga takardu, har yau akwai baƙin tawadar da ya ƙi fita daga gefen faratansa. Duk abin da aka ce masa amsarsa ɗaya ce, shi ya sa layinmu kaf ake kiransa Baba To. Ni tun ina ƙarama na yanke wa raina cewa shi da Inna su ne masoyan da nake karantawa a littattafai, sai dai su an bar su sun tsufa tare. Yakan ɓare mata lemo ya ajiye a gefen tabarmarta bai ce uffan ba. Takan yi masa faɗa a kan takalmin da ya yar a bakin ƙofa, tana faɗan tana goge takalmin.

Sai ranar da santsi ya kwashe Inna a banɗaki. Ƙugunta ya bugu, ta kasa tashi. Ta yi ta kiransa, yana zaune a falo, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu, yana karanta tsohuwar jarida. Mahaifiyata ce ta jiyo ta ta bango, muka ruga muka ɗaga ta. Da muka fito da ita tana rawar sanyi, ta dube shi ta ce, "Na yi ta kiranka."

Ya dube ta, ya dubi jiƙaƙƙen zanenta. Sai ya ce, "To."

Daga ranar ba ta sake yi masa magana ba. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, amma in akwai abin faɗa ni ake ƙwala wa kira ta katanga. "Mai littafi, zo ki gaya wa mutumin nan shayinsa ya huce." Ni ce na kafe a kan bai ji ba ne. Ni na yi ta zarya asibiti har aka ba mu ranar gwaji, ni na lallaɓo Inna ta zo ta gani da idonta. A raina har na hango yadda za ta kasance: a ce kunnen ya mutu, Inna ta fashe da kuka, ta riƙe hannunsa.

Ɗalibar ta cire masa abin sauraron, ta yi mana murmushi.

"Mama, gaskiya kunnen Baba ba laifi. Gwargwadon shekarunsa ma ya fi na wasu matasan. Akwai wani gwajin na tsakiyar kunne, amma robobin da ake sa wa bakin na'urar sun ƙare, sai an kawo."

"Ba sai an kawo ba, 'yata," in ji Inna, ta dafa bango ta miƙe. "Abin da na zo ji na ji."

A cikin tasi Baba yana gaba, ya juyo da fuskarsa tana sheƙi. "Na ci ko?"

Inna tana kallon titi ta taga. "Gaya masa ya ci. Gaya masa na gode."

Washegari da la'asar na same shi a bencin ƙofar gida. Na taho ta bayansa na yi sallama, na maimaita da ƙarfi. Bai motsa ba. Da na zagayo gabansa sai ya zabura.

"A'a, Mai littafi, yaushe kika zo?"

Na zauna a ƙasa ina fuskantarsa, na yi magana a hankali don ya ga bakina. "Baba, tsakaninka da Allah, jiya ka ji ƙarar nan?"

Ya waiga ya dubi ƙofa, ya yi wani murmushin yaron da ya saci sukari. "Ta farko na ji. Wataƙila da ta biyu."

"Sauran fa?"

"Kafaɗarta. Yarinyar nan kafin ta taɓa abin, sai kafaɗarta ta dama ta ɗan sauka, sannan ta ɗago ido ta dube ni. A maɗaba'a in inji ya tashi wa ke jin wani? Da gira muke magana, da leɓe, da kafaɗa. Na fi shekarunki ina karanta kafaɗun mutane. Tata kuwa manyan baƙaƙe ne."

Na dafe kai. "Don me, Baba?"

"Baiwar Allah tana ta ƙoƙari, tana dubana, in bar ta ta ji kunya a gaban mutane? Kuma," ya rage murya, ko da yake ragewar tasa ana jin ta daga bakin layi, "Innarki tana zaune tana kallo. So kike a ce mata a gabana mijinta ya lalace?"

Wallahi a lokacin ban san ko in rungume shi ko in jijjiga shi ba. Na ce, "Baba, ka san abin da ka ci? Shaida ka kafa cewa ranar da ta faɗi ka ji ta, ka ƙi tashi."

Ya zuba wa bakina ido. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Na ga maganar tana sauka a fuskarsa sannu a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Ya miƙe, ya shiga gida ba takalmi, na bi shi zuwa bakin labule.

Inna tana yankan albasa. Ya tsaya a kanta. "Ban ji ki ba ranar nan. Jiya ma ban ji ba, yarinyar nake kallo."

Ba ta ɗago ba. "Mai littafi, na san kina nan. Gaya masa ya zaɓi ɗaya. Ko jiya ya yi ƙarya, ko yau yake yi. Ni dai ko ta ina aka juya, da maƙaryaci nake zaune."

Sai na koma zaryar asibiti. An kawo robobin, amma mai makullin ɗakin ya tafi taro. Mai makullin ya dawo, an ɗauke wuta. An kawo wuta, babbar ma'aikaciyar da ta iya na'urar ta tafi hutu. Mutumin da ke zaune a tagar karɓar kati har ya haddace fuskata, ina tsayawa yake cewa, "Mai kunne, yau ma haƙuri." Na sha komawa gida ina kuka a cikin mota don takaici, mutane na ba ni haƙuri suna zaton rasuwa aka yi mini.

Ana cikin haka Baba ya fara magana ta hanci, kamar mai murar da ta ƙi tafiya. Ya rage cin abinci. Wata rana Inna tana shanya ta kira ni, ta nuna mini hankicinsa, akwai ɗigon jini da wanki bai gama fitarwa ba.

"Gaya masa ya daina ƙwaƙular hanci kamar yaro. Ni ke shan wahalar wanki."

Ta faɗa da faɗa, amma na lura ta daɗe tana riƙe da hankicin kafin ta rataye shi.

Da ranar ta samu daga ƙarshe, Inna ta ce ƙafarta ba za ta sake taka wurin ba. Na durƙusa a gabanta na yi mata jawabin da na kwana biyu ina shiryawa, a kan shekarun da suka yi tare, a kan cewa zuciyar da ta so ba ta rufe ƙofa duka. Ta saurare ni har ƙarshe tana tsince shinkafa.

"Kin gama? Miƙo mini murfin can."

Da safe na fito na tarar da ita a bakin ƙofa ta sha mayafi. "Ƙuguna zan kai a duba," in ji ta. "Tunda mota ɗaya ce."

Babbar ma'aikaciyar gajeriyar mace ce mai furfura a goshi, ba ta da lokacin wasa. Ta duba sakamakon farko, ta dubi Baba, ta yi masa tambaya tana kallon teburi. Bai amsa ba. Ta aika aka kira ɗalibar.

"Ranar da kika gwada shi, ina ya fuskanta?"

"Ni, Anti."

"Ke." Yarinyar ta sunkuyar da kai kamar an mare ta. Baba ya lura, ya fara neman ba da haƙuri, ma'aikaciyar ta ɗaga masa hannu.

Ta leƙa kunnuwansa da 'yar fitila. Sannan ta jawo wata ƙaramar na'ura mai igiya, ta zaɓi roba daidai ramin kunnensa, ta tsaya a gabansa tana buɗe baki sosai.

"Baba, wannan ba ruwanta da kai. Ba abin dannawa. Kada ka yi magana, kada ka haɗiye yawu. Iska za ta ɗan tura ciki ta ga ko dodon kunnen yana motsi. Kunnen za ta tambaya, ba kai ba."

Na ga ransa bai so ba. Mutumin da ya zo da shirin cin jarrabawa an ce masa ya zauna kawai.

Ta sa a kunnen hagu. Na'urar ta yi ɗan gunji, wani layi ya fito a allonta, ya hau ya sauka kamar ɗan tudu. Ta sa a na dama. Layin ya tafi a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Ta cire, ta gyara robar, ta sake. Haka ya sake tafiya.

"Mama, matso ki gani. Dodon kunne mai lafiya tudu yake zanawa, don yana motsi. Wannan a kwance yake. Ruwa ne ya taru a bayansa ya danne shi."

Daga nan ta juya kujerar Baba ta fuskanci bango, ta sa masa abin sauraro, ta ba shi madanni. Ta taɓa na'ura. Shiru. Ta ƙara ƙarar. Shiru. Sai da ni da ke benci na fara jiyo ƙarar tana tsiyayowa daga gefen kunnensa, sannan babban yatsansa ya motsa, shi ma da shakka.

"Na hagu ƙarar inji ta cinye shi tun da daɗewa," in ji ma'aikaciyar. "Da na dama yake lallaɓawa. Shi ne kuma ruwa ya toshe."

Na juya na dubi Inna. Ta gyara mayafi.

"Inji ne ya ce yana ji, inji ne ya ce ba ya ji. Wanne zan ɗauka?"

"Kira shi da kanki, Mama."

"Ni ba na kiran mutum sau biyu a rayuwa."

Ma'aikaciyar ta ɗaga kafaɗa, ta cire masa abin sauraron, ta ce masa da hannu ya zauna yadda yake, ta koma tana rubutu. Baba yana fuskantar bango, an manta ba a karɓi madannin ba, yana riƙe da shi da hannu biyu, yana jira. Ƙeyarsa ta rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Sai na ji benci ya yi ƙara. Inna ta miƙe, ta ɗingisa ta tsaya a bayansa, nesa kaɗan, kamar nisan banɗakinsu da falo.

"Malam," in ji ta.

Bai motsa ba.

"Malam." Wannan karon da muryar da ke ratsa bangonmu. "Malam, na faɗi. Zo ka ɗaga ni."

Ya sosa gwiwarsa. Ya ɗaga kai yana kallon wani tsagin fenti a bangon, yatsansa na kan madanni, a shirye yake ya danna da zarar duniya ta yi masa magana.

Ni dai kuka ya ƙwace mini. Inna ta juyo, idanunta a bushe.

"Share fuskarki, kin cika zuba kamar famfon da ya lalace." Ta koma ta zauna. Can ta ce, "Gaya masa shi mugu ne."

"Inna, kin gani fa da idonki, bai ji ba."

"Shi ya sa. Tun yaushe yake ba ya ji yana ce mini to? Ya bar ni ina ta dafa fushi, ya mayar da ni azzaluma a idon unguwa, don kar a ce ya tsufa. Gaya masa."

Ma'aikaciyar ta ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu, ta buga shi a gwiwar hannunta, ta kai kusa da kunnensa na dama. Ya girgiza kai. Ta sake bugawa, ta dasa gindinsa a kan ƙashin da ke bayan kunnen. Fuskar Baba ta buɗe gaba ɗaya.

"Ga shi nan," in ji shi. "Ga shi nan, yana waƙa."

"Hanyar iska ce ta toshe," in ji ta, "amma ta ƙashi sauti yana wucewa." Sai ta ajiye ƙarfen, ta shafa gefen wuyansa da yatsunta, ta tsaya a wuri ɗaya. Ta tambaye ni tun yaushe hancinsa ya toshe, ko yana jini. Na ce yana yi. Muryarta ta sauya. "Yaro ne ruwa ke taruwa masa a kunne a ce ba komai. Babba, kunne ɗaya, ga hanci, ga wannan kumburin, dole a ga abin da ya toshe hanyar. Ku wuce wurin likitan hanci yau. Ba gobe ba."

Ƙari ne a can bayan hanci, inda ba mai gani. Shi ya toshe 'yar hanyar da ke shigar da iska tsakiyar kunne. Likitan ya yi wa ɗansu bayani, wanda ya taso daga garin da yake aiki, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Abin ya yi nisa, ya sauka wuya, ya wuce. Aka gwada abin da za a iya gwadawa, jikin Baba bai ɗauka ba, aka dawo da shi gida. Ɗan ya yi kwanakin da aka ba shi a wurin aiki, ya koma, yana bugo waya safe da yamma.

Ni na ɗauka yanzu kam magana ta ƙare. Mutum yana kwance, likita ya faɗi abin da ya faɗa, wane fushi kuma ya rage? Amma Inna ta ci gaba. Tana juya shi, tana goge masa jiki, tana ba shi ruwa da cokali, ba ta barin kowa ya taɓa masa matashi, sannan ta ɗaga murya: "Mai littafi, gaya masa ya buɗe baki." Ni in zagaya in tsuguna a gabansa in buɗe nawa bakin ya karanta. Idanunsa sun fara gajiya da karatun, amma duk lokacin da ta gifta sai ya bi leɓenta da kallo, ko za su motsa saboda shi.

Wata ranar da hantsi ta ce, "Gaya masa in ya gama da kofin ya miƙo."

Tana tsaye a kansa. Hannunta ma yana taɓa nasa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ba zan gaya masa ba."

Ta dube ni.

"Na gaji, Inna. Ni ba wayar tarho ba ce. Ga shi nan a gabanki, kina da baki. Mutumin nan tafiya zai yi, ke kin sani, ni na sani, shi ma ya sani, kina tsaye kina aika saƙo a kan kofi. In kin ga dama ki bar shi ya tafi da shirunki, amma ba da bakina ba."

"Da wa kike magana haka?"

"Da ke, Inna. Ki yi haƙuri, amma da ke."

Na fita na bugo musu ƙofa, abin da ban taɓa yi ba. A gida mahaifiyata ta wanke ni tas a kan rashin kunya, ta ce karatu ya hau mini kai. Na shige ɗaki na kwanta ina huci. Kwanakin da suka biyo baya ban leƙa su ba. Nakan kasa kunne a jikin bango, ba abin da nake ji sai ƙarar cokali da tarin Baba. Ba a kira Mai littafi ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na ce a raina tsofaffin nan biyu za su kashe ni da taurin kai kafin ciwo ya kashe ɗayansu.

Mahaifiyata ce ta tilasta mini wata safiya in kai musu ruwan zafi. Na yi sallama a tsakar gida ba amsa. Na ɗaga labulen ɗaki a hankali.

Inna tana zaune a ƙasa a gefen gadon, duk da ƙugun nata. Ta kwantar da kanta a kan matashinsa, ta manna haɓarta da ƙashin bayan kunnensa na dama, daidai inda aka dasa ƙarfen nan. Tana magana ƙasa-ƙasa, a cikin ƙashin. Idanun Baba a rufe suke, amma girarsa na motsi.

"Kin ji," in ji shi da muryarsa da ta shaƙe, "da na ji ki, da na zo."

"Na sani."

"Me?"

Ta ƙara danna haɓarta. "Na ce na sani, kurma. Da ka zo ma me za ka iya? Da wannan bayan naka za ka ɗaga ni? Da mu biyu aka tsinta a ƙasa."

Ƙirjinsa ya fara girgiza, na tsorata, ashe dariya yake yi. Dariyar ta koma tari, ta ɗago shi, ta goge masa baki, ta mayar da shi, ta mayar da haɓarta wurinta.

"Muryarki ta tsufa," in ji shi.

"Kunnenka ne ya ruɓe."

A lokacin ta hango ni. Ba ta ɗaga kai daga matashin ba. "Ajiye ruwan ki rufe mana labule. In kuma kuka za ki yi, ki je gidanku."

Na je gidanmu na yi.

Haka suka ƙarasa. Duk sa'ar da na shiga, a nan nake samunta, wuyanta a karkace, har ya riƙe mata ta koma juyowa da jiki duka in za ta dubi mutum. Na so in san abin da take faɗa masa tsawon yinin nan. Wata rana a kicin na yi ƙarfin hali na tambaye ta, ina tsammanin kalmar da zan riƙe har ƙarshen rayuwata.

"Abubuwan da suka wuce shi," in ji ta. "Wanda ya rasu, wanda ya haihu, wanda ya sayar da gida. Da faɗan da ya tara a wurina. Kin san takalmansa nawa na ɗauke a bakin ƙofa ban ce komai ba?"

"Shi ke nan, Inna?"

"Me kike so kuma? Waƙa?"

Baba ya cika da hantsi, ranar da aka wayi gari da yayyafi. Ina ɗakin, da mahaifiyata, da ɗansu da ya iso da asuba. Inna tana wurinta, tana laƙƙana masa kalmar shahada a cikin ƙashin, leɓensa na bin ta. Sai leɓen ya tsaya. Ɗan ya taɓa kafaɗarta ya ce, "Inna." Ta ɗaga masa hannu alamar ya dakata, ta ƙarasa abin da take faɗa, sannan ta ɗago, ta shafa masa idanu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan maza sun tafi da shi, gida ya cika da mata. Inna ta karɓi gaisuwa har la'asar, tana gyara wa mutane zama, tana faɗan an bar takalma a hanya. Da aka ɗan ragu ta yafito ni, ta ce in zo in taya ta kwashe shimfiɗar ɗakin.

Muka cire zanen gado, muka naɗe bargo, ta ce in fitar da kwanon tofi da kwalaben magani. Na dawo na miƙa hannu zan ɗauki matashin.

"Bar wannan," in ji ta.

Ta tattara sauran kayan ta fita tana ɗingishi. Na tsaya ni kaɗai. Hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a kan katifar da ba zane. A tsakiyar matashin akwai lotsawar kansa, a gefenta na dama kuma wata ƙarama, sun haɗe baki da baki.